Injin da Na Saya Ban Tambaye Ka Ba

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoron Allah. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali gida ɗaya muke kwana, kuma kai mutumin waya ne, rabonka da biro ina jin tun jarrabawar ƙarshe. Na ba Ummanku ta saka maka a jaka, na ce kada ta gaya maka sai ka hau mota. Sunan mahaifina ka ci, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, kuma akwai maganar da bakina ba zai iya furtawa ina kallon idonka ba. Tun ranar da muka yi waccan maganar a shago, ba abin da yake haɗa ni da kai sai "ina kwana" da "sannu da zuwa". Ba na so ka bar garin nan muna haka. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka fi ni saninsa. Wuraren da na yi tuntuɓe zan nuna maka, domin za ka je masana'antar mutane ka kai musu irin abin da ni na ƙi karɓa daga hannunka, kuma a can ma za ka tarar da irina, masu furfura da taurin kai.

Bari in fara da igiya. Tun zamanin kakanka, idan aka sa ranar biki, mata ne suke zuwa ganin ɗaki. Gwaggon amarya ko yayar uwarta za ta je gidan ango ta auna bango da igiya, ta yi ƙulli a inda bangon ya ƙare, ta kawo mana. Mu kuma mu shimfiɗa igiyar a ƙasa mu ɗora tef a kanta. Wata ma da gyalenta take awo, ta zo ta ce maka gyale kaza da ɗan ƙari, kai ka san yadda za ka yi da ɗan ƙarin. Da haka muka yi shekaru muna haɗa gado da sif da madubi, muna ci muna sha, saboda a lokacin gidajen na ƙasa ne, ciki da falo, ƙofa kuma da faɗinta.

Da ka gama karatu ka dawo shago, ba ka daɗe ba ka same ni ka ce, "Baba, a rage dogaro da igiyar nan. Su ɗauko mana bidiyon gidan a waya tun daga bakin ƙofa har cikin ɗaki. In ango ya yarda in je da tef in auna, in zana a kwamfuta, su ga yadda komai zai zauna kafin mu taɓa katako."

Ka tuna amsar da na ba ka? Cewa na yi, "Ɗakin amarya za a ɗauka a waya ana yawo da shi? Wace uwa ce za ta yarda da wannan?" Ban tambayi uwa ko ɗaya ba, Abba. Ni kaɗai na zauna a kan bencina na yanke wa iyayen Kano gaba ɗaya hukunci.

Sai ga aikin Hajiya Binta, wadda za ta aurar da 'yar ƙanenta a Hotoro. Igiyarta ba ta yi ƙarya ba, bango ya fito daidai. Abin da igiya ba ta gaya mana ba shi ne ɗakin a saman bene yake, kuma matattakalar tana da kwana a tsakiya. Ni kuwa na haɗa mata sif ɗin kaya dogo, jiki ɗaya, na ɗaure shi da gam da ƙusa yadda ko jikokin amarya za su gada. Ranar jere muka isa gida cike da mata, ana ta guɗa. Gado ya hau, madubi ya hau. Sif ya je kwana ya tsaya cak. Muka kwantar da shi, muka tayar, muka karkata, muka sauko muka sake. Taga kuma duk ƙarfe ne. Wata daga dangin ango ta leƙo daga sama tana dariya ta ce, "To ko a tsakar gida za a bar wa amaryar kayanta ne?"

Hajiya Binta ta matso kusa da ni, ta rage murya ta ce, "Malam Garba, yau ka tsinka ni a gaban surukai."

Na ce a miƙo mini zarto. A gaban matan nan na raba sif ɗin gida biyu, aka hau da shi, na sake haɗawa a sama, kuma duk fentin da na shafa bai ɓoye layin ba. Kai ne ka riƙe mini ɗaya ɓangaren ina yankawa. Har muka dawo ba ka tuna mini maganar bidiyon ba, kuma wallahi da ka tuna mini da ya fi mini sauƙi. Da muka koma shago sai na hau borin kunya, na yi ta zagin maginin da ya gina matattakalar, mutumin da ban taɓa gani ba.

Saboda haka idan wani ya kawo maka sabon abu, ko yaronka ne, ka fara duba wace wahala abin zai raba ka da ita, kafin ka duba shekarun wanda ya kawo. Kuma kada ka amsa da bakin masu sayen kayanka, ka tambaye su. Abin da ka nema a wurina ran nan ba ya buƙatar inji, ba ya buƙatar wuta, wayar da take hannun kowa ce kawai da ɗan haƙuri. Daga baya na ji cewa matan da na rantse ba za su yarda ba, su ne suke tura bidiyon ɗakunan 'ya'yansu ga wasu kafintoci tun kafin a tambaye su.

Sai maganar ɓoyo. Ka taso ka ga ina rufe fuskar gado da tamfol da zarar an gama feshi, kuma na hana kowa ɗaga waya a cikin shago. Ina da dalilina. Kowace uwa so take a shiga ɗakin 'yarta a ga abin da ba a taɓa gani ba, kuma garin nan cike yake da masu ido, su kalli aikinka sau ɗaya su je su kwaikwaya. Da ka ce mu riƙa ɗaukar hoton kayan da muka gama, mu sa sunan shago a jiki, mu saka a shafukan da mutane suke dubawa, sai na ce maka mu ba masu tallan gyaɗa ba ne, wanda ya san mu ya san hanyar Gyadi-Gyadi.

Abin da na manta shi ne ranar jere kowace mace a ɗakin nan da waya a hannunta. Kafin a kai amarya, gadona ya je Katsina, ya je Zariya, ya je wurin 'yan uwansu da ke Makka, kuma ba sunana a jiki. Ni ina nan ina gadin tamfol. Sabi'u, wanda ya koyi aiki a hannuna kafin ya buɗe nasa shagon a Daurawa, ba sai ya leƙo shagona ba, a wayar matarsa yake ganin komai. Ya yi irinsa, ya jingina da bango mai tsabta, ya ɗauka, ya sa sunansa, ya watsa.

Wata rana wata mata ta shigo, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, don Allah za ka iya yi mini irin wannan na Sabi'u?"

Na karɓa na duba. Furen da ke fuskar gadon nan ni da Malam Habu, tsohon masassaƙinmu, muka zana shi a bayan takardar siminti tun kana firamare. Na ce zan gwada. Na yi mata, ta zo ɗauka, ta zagaya gadon ta ce, "Ka yi ƙoƙari, ya kusa zama irinsa." Na yi mata godiya.

A lokacin na riƙe Sabi'u a raina, na kira shi ɓarawo a gabanka ba sau ɗaya ba. Yanzu na sauke. Ni ma abin da na gani a wurin kakanka na kwaikwaya. Shawarata ita ce aikin da ka yi da hannunka ka sa masa sunanka, ka nuna shi da kanka, tun kafin wani ya nuna shi a madadinka. Zane ba ya ɓoyuwa a wannan zamani. Abin da ba a iya ɗauka a hoto shi ne busasshen katako da cika alkawari, sai ka riƙe waɗannan. Amma ka bar ni da abu ɗaya da har yau nake ganin ina da gaskiya a kansa. Ka ɗauki hoto a shago kafin kaya su fita, kada ka taɓa watsa cikin ɗakin 'yar mutane ko sunanta don neman ciniki. Wanda ya turo maka bidiyon gidansa amana ya ba ka, in aiki ya ƙare ka goge.

Yanzu na zo kan injin, kuma a nan hannuna yana nauyi. Labari ya iso majalisarmu cewa Sabi'u ya kawo injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, a ɗora masa allo ya fitar da fure shi kaɗai. Abokai suka sa ni a gaba da tsiya. Wani ya ce, "Garba, ashe yaronka ya zama ubangidanka? Sai ka je ya koya maka." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Kai kuwa ka daɗe kana gaya mini a bi a hankali. Ka ce mu fara da zane da hoto, mu riƙa kai allunanmu wurin masu inji suna yanka mana har aiki ya yi yawan da zai riƙe namu, mu kuma gyara maganar wuta tukuna. Duk na ji, amma kai allona wurin wani shi ne abin da zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Na hau dokin zuciya. Na sayar da filin da nake da shi a bayan gari, na je wurin masu sayar da injuna na nuna wanda ya fi girma, don an ce mini ya fi na Sabi'u. Ban gaya maka ba. Ban gaya wa Ummanku ba. Kai da ka yi shekaru kana karanta abin nan, sai ganin mota ka yi tana sauke shi a shagonmu. Ka zagaya shi a hankali, ka karanta rubutun da ke jikinsa, ka ɗago ka ce, "Baba, da wace wuta?"

Na ce, "Da irin wadda Sabi'u yake amfani da ita."

Ban san wace iri Sabi'u yake amfani da ita ba. Na sa aka girke injin a bakin ƙofa don masu wucewa su gani, inda rana take dukansa, ƙurar titi tana shiga cikinsa. Na yanka rago, na tara malamai aka yi addu'a, na raba sadaka. Addu'a ba ta taɓa zama asara, amma ban haɗa ta da tambaya ko ɗaya ba. Wutar unguwa ba ta iya ɗaukarsa, janaretanmu kuma da an ɗora masa sai ya hau tari. Inji ya kai tsakiyar fure ya tsaya, allo mai tsada ya zama itacen girki.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na yi bayansa. Maimakon in ce Abba ga inji, sai na ɗauki mutumin da masu sayarwa suka haɗo ni da shi, na damƙa masa. Ba don ya fi ka sani ba. Don ba zan iya jure in tsaya a gaban yaran shago ɗana yana koya mini aiki ba, wannan ita ce gaskiyar. Mutumin nan ya bi fuskokin gadajenmu ɗaya bayan ɗaya ya kwashe zanen ya zuba a kwamfutarsa ta hannu, wadda yake zuwa da ita ya koma da ita. Ka ja hankalina ka ce a ajiye kwafi a wurinmu, na ce kada ka sa wa baƙo ido. Da ya samu inda aka fi mu biya, sai ya yi sallama cikin mutunci ya tafi da kwamfutarsa, da aikin kakanka da nawa a ciki. Ban ma iya cewa ya zalunce ni ba, don ban taɓa yin wata yarjejeniya da shi a kan haka ba. Tun daga nan injin yake rufe, yara suna ɗora kulolin abincinsu a kansa.

Don haka, ɗana, ko a Kaduna ko a naka wurin in Allah Ya ba ka, ka tanadi mutum kafin ka tanadi inji. Ka tambaya wace wuta yake ci, wa zai gyara shi in ya lalace, a ina ake samun kayan gyaransa, kuma aikin da ke hannunka ya isa ya ciyar da shi ko bai isa ba. Zane da sunayen masu ciniki da duk abin da aka zuba a kwamfuta, su zauna a hannun mai wurin, a ajiye su a wuri fiye da ɗaya, kuma kada ya zama mutum ɗaya ne tak ya san yadda ake buɗewa, ko da kai ne mutumin. Sannan duk ranar da ka ji kana son sayen abu don wani ya gani, ka koma gida ka kwana tukuna.

Akwai wanda injin nan ya ci kafin ya tsaya, kuma da bakina ya ci shi. Ranar da ya fitar da furen farko lafiya, na ɗaga allon sama a gaban kowa, na juya wurin Malam Habu na ce, "Malam, abin da kake kwashe mako kana tono, ga shi an gama kafin shayi ya huce." Yara suka fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Masha Allah, zamani ya zo." Ya ƙarasa aikin ranar, ya goge kayan sassaƙarsa ya naɗe su a tsumma. Bayan 'yan kwanaki ya aiko cewa idonsa yana damunsa, zai ɗan huta. Mutumin da muka fara aiki tare tun ba mu da gemu, wanda ya yi maka dokin katako kana rarrafe. Har yau bai dawo ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, kuma fara'ar nan ta fi zagi yi mini ciwo. Kai ka taɓa cewa a bar Malam Habu ya riƙa zanawa a takarda kai kana shigarwa a kwamfuta, tunda inji bai san fure ba sai wanda aka ba shi. Da na ji maganarka da yanzu yana nan a kan bencinsa.

A masana'antar da za ka, akwai dattawan da za su ga ka shigo da kwamfuta a hammata su sha jinin jikinsu. Za su ce abin ba zai yi aiki ba, za su yi maka kunnen uwar shegu, wani ma ya ɓata aikin da gangan. Kada ka ɗauka jahilci ne. Tsoro ne, na san shi, don na kwana da shi. Mutum yana tsoron a wayi gari abin da ya kwashe rayuwarsa yana koyo ya zama ba a buƙatarsa. Ka same su ɗaya-ɗaya inda ba idon yara. Ka fara tambayarsu yadda suke yi kafin ka gaya musu yadda za a yi. Ranar da za a tayar da sabon abu, ka ba babbansu ya fara dannawa.

Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ɗan taɓa ka, kada ka ga kamar kai mala'ika ne. Kana da wata kalma, "ai abu ne mai sauƙi". Ka daina ta. Duk lokacin da ka faɗe ta, abin da dattijo yake ji shi ne kai daƙiƙi ne. Akwai ranar da na daure na ce ka nuna mini yadda ake tura hoto. Na fara lalube da babban yatsana, ka gaji da jira, ka zare wayar daga hannuna, ka danna nan ka danna can, ka miƙo mini ka ce an gama. An gama ɗin, amma ban koyi komai ba, kuma ban sake tambayarka ba. Idan kana koya wa babba, ka sa hannayenka a aljihu ka bar shi ya yi kuskurensa. Taurin kan nan naka ma ba daga dangin Ummanku ka ɗauko shi ba, na san inda ka samo.

Saura ranar da ta raba mu. Ka same ni a shago yara suna aiki, ka tsaya kusa da injin ka ce, "Baba, ka ba ni shi in tashe shi. A matsar da shi ciki, a sa sola, ni zan sake zana komai. In na kasa ka sayar." Da nan ka tsaya, wataƙila da na yi shiru na yi tunani. Sai ka ƙara da cewa, "Da tun farko an tambaye ni, da ba a kai ga haka ba."

Gaskiya ka faɗa, amma a gaban yara ka faɗe ta, kuma na ga ɗayansu ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Sai na ji bakina yana cewa, "Shagon nan ba naka ba ne. Ranar da ka buɗe naka, sai ka cika shi da kwamfuta har rufi."

Sai ka ce, "To Baba, Allah Ya huci zuciyarka." Ka ajiye tef ɗinka a kan benci ka fita. Ba a jima ba Ummanku take gaya mini ka samu aiki a Kaduna. Daga bakinta na ji, ba daga naka ba, kuma ban ga laifinka ba.

Abba, na yi nadamar maganar nan fiye da filin da na sayar, fiye da sif ɗin Hotoro, fiye da komai. Kuma ko gaskiya ba ce. In ba naka ba ne, na wa ne? Lokacin da kakanka ya bar mini ragamar shagon nan ban kai shekarunka ba. Da na kawo zarto mai aiki da lantarki, ƙararsa ta hana shi sakat, ya ce wannan ba aiki ba ne, hauka ne. Amma bai hana ni ba. Bencinsa ya ja zuwa waje ƙarƙashin darbejiya, ya zauna yana gaisawa da masu ciniki, in sun tambayi wani abu ya ce su shiga ciki, mai shagon yana nan. Ni yake nufi. Na ci moriyar wannan a wurin ubana, da aka zo kaina na kasa yi wa ɗana.

Ba don in tsayar da kai na rubuta wannan ba, shi ya sa na ce sai ka hau mota za a gaya maka. Ka je. Ka yi wa mutanen nan aiki tsakaninka da Allah, kada ka bar su a tsakiyar hanya, kuma duk abin da ka gina musu ka koya wa wani a cikinsu. Ka kula da sallarka a kan lokaci ko inji yana tsakiyar aiki. Ka riƙa kiran Ummanku da murya, ba rubutu ba, don ita ba ta gamsuwa sai ta ji ko ka yi mura. Ni ba sai ka kira ni ba in abin ya yi maka nauyi.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ban saba roƙon 'ya'yana ba. Ka san an sa ranar ƙanwarka Zainab bayan Babbar Salla. Kayan ɗakinta a wuyana suke, kuma yadda aiki ya ja baya, ga gwiwoyina, ina jin su ne manyan kaya na ƙarshe da za su fita daga hannuna. Ina so kai ka zana su. Ka yi magana da ita ka ji abin da take so, ka zana a kwamfutarka a can, ka turo wayarta, ita za ta buɗe mini. Yadda ka zana haka zan yanka, ba zan ƙara fure ba, ba zan rage ba. Kuma zan tara yaran shago, waɗanda suka ji abin da na gaya maka, in ce musu wannan aikin Abba ne, ni umarninsa nake bi.

Ban sayi katakon ba tukuna. Idan zanen ya iso, na ji amsarka, ba sai ka ƙara da wata magana ba. Idan bai iso ba, ba zan tambayi kowa dalili ba, zan yi mata irin wanda na saba, kuma addu'ar da nake yi maka ba za ta ragu da komai ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa albarka a hannunka da abin da zai taɓa. Allah Ya ba ka 'ya'yan da za su fi ka sani, Ya kuma ba ka zuciyar da za ta saurare su. Na yafe maka duniya da lahira. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba Kafinta